Amanar Ranar Ƙaura

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gidan haya zuwa wani ya san cewa ranar ƙaura ce ranar da mutum yake sanin abin da ya mallaka. Sai an ja gado ake ganin takalmin da aka shekara biyu ana zargin yara da yar da shi, sai an sauke adaka ake ganin takardun da aka rantse gara ta cinye. A ranar ce kuma maigida da uwargida sukan tsaya a kan wani tsohon tulu ko wata karyayyar kujera, shi yana cewa a bari, ita tana cewa a ɗauka, mai a-kori-kura kuwa yana waje yana ta danna ham. Irin wannan ƙaura ce ta same ni a ƙarshen shekarar 2025, ko da yake ba a kira mota ba, ban kuwa gusa daga teburin da nake rubutu a kai ba. Kayan da ke cikin kwamfutata ne suka tashi daga hannun wata babbar manhaja suka koma hannun wata.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan'uwa marubuta waɗanda har yanzu biro da takarda ne abokan aikinsu, sai an gama a kai wa mai bugawa. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da take tafiyar da ita, wadda matsayinta kamar na maigida ne: ita ta san ɗakin da aka ajiye kowane kaya, ita take riƙe da makullai, ita kuma take ba ƙananan manhajoji izinin shiga da fita. Manya daga cikinsu uku ne, watau Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da kuma Linux wadda ba ta wani kamfani guda ba ce, jama'a ne suke haɗuwa suna gina ta, ana kuma samun ta kyauta. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya rufe kulawar da ya saba yi wa Windows 10, bayan ta shekara goma tana aiki. Magajiyarta kuwa, Windows 11, tana bukatar wasu kayan ciki waɗanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da su, tawa tana cikinsu. Ba ƙorafi nake yi ba, kowane kaya da wa'adinsa. Sai zaɓi ya rage gare ni, ko in sayi sabuwa, ko in zauna a gidan da aka daina yi wa yaɓe, ko in koma Linux. Aljihu ne ya yanke hukunci.

Ɗan ƙanwata, wanda yake karatun wannan fanni, shi ya yi aikin. Mun ɗan sha fama da farko, domin faifan ajiyar da na ba shi an tsara shi ne a kan wani tsohon tsari da ake kira FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, ga shi kuwa bidiyon bikin 'yata ya zarce haka. Sai ya sake tsara faifan a kan exFAT, wanda manhajojin nan uku duka suke iya karantawa su kuma rubuta a kansa. Wani abin da ya yi, wanda a lokacin na ɗauka ɓarnar kuɗi ce, shi ne ya ƙi goge tsohon faifan da ke cikin kwamfutar. Ya zare shi ɗungurungum, ya sa na sayo wani aka saka, ya naɗe tsohon a leda ya ce in jefa a aljihun tebur. Bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Kawu, an gama. Fayil 11,206 ne a can, ga 11,206 a nan. Na kuma sa na'ura ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigo bai sauya ba."

Gaskiya yaron ya faɗa, ban kuma same shi da kuskure ko ɗaya ba har yau. Amma tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: idan adadi ya cika, ko ɗigo kuma bai sauya ba, an kwashe kome ke nan? In kuwa da saura, a wuyan wa yake?

A daren nan na buɗe wata jaka da na daɗe ina kauce mata. Ta wani aminina ce, marubuci, wanda ya rasu a bazarar 2006, Allah ya jiƙansa. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa ya zo mini da filashi domin in fitar masa da babi biyu na wani littafi da yake rubutawa, saboda ni nake da firinta. Don gudun wahalar nema sai na kwafe jakar gaba ɗaya a kwamfutata, da niyyar in goge bayan an gama. Ban goge ba. Ta bi ni daga wannan kwamfuta zuwa waccan har sau uku, kamar yadda tsohon tulu yake bin iyali daga gida zuwa gida, ba a zuba masa ruwa, ba a kuma yar da shi. Da na buɗe littafin sai na ga kamar aljanu sun yi wasa da rubutun. Inda ya rubuta ƙasa sai ga }asa, ɗaki ya koma ]aki, ɓarawo ya zama ~arawo, shafi bayan shafi, har shafi 214.

Waɗanda suka yi rubutu da kwamfuta a shekarun 1990 sun riga sun gane cutar. A wancan zamani na'urorin da suka iso mana ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba, har wasu sukan buga rubutu da k da d da b, sa'an nan su bi da biro suna lanƙwasa musu kai. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya share mana hawaye da ya ƙera zubin haruffa irin su Rabi'at. Dabarar ita ce a ari wasu alamomin da Bahaushe bai cika amfani da su ba, a zana musu fuskar ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. A cikin ranta kwamfuta alamar baka ta sani, ido ne kaɗai yake ganin ƙ. Wannan dabara ta yi wa adabin Hausa hidimar da ba a iya biya, littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawan gaske da ita aka buga su. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da namu masu ƙugiya da ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, ya fara fitowa tun 1991, amma an daɗe ƙwarai kafin ya iso hannun talaka mai buga littafi. To, shi zubin haruffan nan ba a cikin jakunkunana yake zaune ba, yana can a ɗakin maigida, cikin kayan babbar manhaja. Da aka kwashe kayana sai aka bar shi a baya, laifin kuwa nawa ne da ban ambace shi ba.

Ashe abin da muke kira rubutu a kwamfuta rabi ne a cikin fayil, rabi kuma a cikin abin da yake karanta shi. Wannan ba namu ba ne mu kaɗai. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya haɗa wani gagarumin kundi na rayuwar mutanen Birtaniya, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar filaye da dukiya da ake kira Domesday, na 1086. Yaran makaranta da jama'a masu ɗimbin yawa suka ba da rubuce-rubuce da hotuna, aka zuba a manyan faya-faye biyu na zamanin. Kafin shekarar 2002 na'urorin da ke karanta faya-fayen sun kusa ƙarewa a duniya, sai da masana suka yi aikin ceto na musamman. Shi kuwa tsohon littafin na fata yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Ingila, duk wanda ya iya Latin ɗin lokacin zai karanta shi da idonsa.

Gyaran rubutun aminina bai yi kama da abu mai wuya ba. Na umurci manhajar rubutu ta bi littafin kaf, duk inda ta ga wannan alama ta sa ƙ, inda ta ga waccan ta sa ɗ, haka har guda shida. Cikin ƙiftawar ido Hausa ta dawo. Na danna ajiyewa ina murna, a nan kuwa na yi ɓarna biyu a lokaci guda ba tare da na sani ba.

Ta farko ita ce kwanan wata. Rubutun hannu yana ɗauke da mai shi: karkatar haruffansa, inda ya soke, inda shayi ya ɗiga, inda barci ya fara ɗaukarsa layi ya gangara. Fayil ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwafinsa da asalinsa ɗaya ne, babu mai iya rarrabewa. Alamar hannu guda da ta rage masa ita ce ɗan layin da yake nuna ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. A fayil ɗin aminina layin yana cewa 9 ga Maris, 2006, ƙarfe 11:40 na dare. Shekara goma sha tara wannan layi yana biye da ni. Da na danna ajiyewa sai ya koma ranar da nake ciki, hannuna ya hau kan nasa ya shafe shi. Wani zai ce wannan ai ba wani abu ba ne, kalmomin suna nan. Haka ne. Amma na zauna shiru na wani lokaci, sa'an nan na tuna da faifan da ke naɗe a leda, na sa wa ɗan ƙanwata albarka.

Ɓarna ta biyu ta fi nauyi. Ina karantawa sai na riƙa cin karo da wasu jimloli da suka fara da babban Ɗ suka ƙare da ƙaramin ɗ, ba su da haɗi da labarin. Na ɗauka datti ne na sauyin na'ura, har na goge biyu. A ta uku ne na tsaya na karanta da kyau, sai na ga ashe maganganu ne da marigayin yake yi wa kansa. Yakan sauya zubin haruffa ya buɗe baka mai kusurwa ya rubuta, misali, a duba sunan garin nan, ko kuwa wannan hirar ta yi tsawo, sa'an nan ya rufe ya koma labarinsa. A wurinsa baka ce ta gaske. Ni da na yi kuɗin goro sai na mayar da ita harafi. Na'ura ta yi abin da na ce ne daidai, ba ta san wace alama ce ƙugiyar aro ba, wace ce kuma ƙofar da marubuci yake leƙowa ya yi magana da muryarsa. Dole na watsar da wannan kwafin, muka ɗauko tsohon faifai, na sake aikin daga farko, wannan karon a kan kwafi na dabam, ina sauya alamomin a inda zubin Hausa yake kaɗai.

A nan ne na gane sunan aikin da nake yi. Duk mai kwashe fayiloli daga wata manhaja zuwa wata, ko ya sani ko bai sani ba, ya shiga sahun masu kwafar littattafai, irin magabatanmu da suka yi aikin da tawada da alƙalamin kara a Kano da Katsina da Sakkwato da Agadas. Su kuwa suna da ladubban aikinsu. Idan an gama kwafi akan yi muƙabala, wani yana karanta asali wani yana bin kwafi da ido. Idan an ga tsallake akan rubuta gyaran a gefen shafi yadda mai karatu zai san an yi gyara. A ƙarshe mai kwafi yakan rubuta sunansa, wani lokaci da ranar da ya gama da sunan wanda aka yi wa, ya kuma roƙi a yi masa addu'a da afuwa a kan kurakuransa. Watau dai bai ɓoye cewa hannu ya shiga tsakanin mawallafi da mai karatu ba.

Ni kuwa jarabar da ta zo mini ita ce in gyara in yi shiru. Aminina mutumin yamma ne, karin harshensu yana leƙowa a rubutunsa, yakan kuma haɗe kalmomin da ƙa'ida ta ce a raba. Yatsuna suna ƙaiƙayi. Wa zai sani? Kuma ai alheri nake nufi, da yana raye ma da ni zai ba aikin tacewa. Sai dai da yana raye da zai iya cewa a'a, mu yi musu, wata rana in ci, wata rana ya ci. Gyaran da ake yi wa mai rai shawara ce. Wanda ake yi wa mamaci a ɓoye kuwa sa masa magana a baki ne. Na bar masa Hausarsa yadda ya bar ta. Abin da na taɓa, watau haruffan nan shida, na rubuta shi a wani shafi na dabam da kwanan wata da sunana.

Akwai wata al'ada kuma ta masu kwafin nan wadda sai da na zo kan hotuna na ga hikimarta. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su, warwatsattsun takardu ne a cikin gafaka. Saboda haka mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta takardar da ke biye a can ƙasan wadda ya gama. Ko iska ta watsa littafin a tsakar gida, almajiri zai tsince shi ya jera. Tsarin littafin yana jikin takardunsa.

Hotunana sun haura 6,000, na kuma yi shekaru ina jera su a cikin wata manhajar hotuna: wannan kundin na suna ne, wannan na Sallah, wannan na tafiya Damagaram, kowace fuska da sunan mai ita. Da aka ƙaura hotunan sun iso cif, amma jerin da sunayen ba su iso ba, domin manhajar a nata littafin lissafi take rubuta su, ba a jikin hotunan ba. Abin da na tarar shi ne tarin fayiloli masu sunaye irin IMG_0412, kamar buhun gero da aka zazzage. Akwai ɗan taimako, domin kamara takan rubuta rana da sa'a a cikin cikin hoton, wannan kuwa yana bin sa duk inda ya je. Amma tsohuwar kamarata agogonta yakan koma farko duk lokacin da batir ya mutu, saboda haka bukukuwa da yawa sun taru a ranar 1 ga Janairu. Tsofaffin hotunan takarda da na ɗauka da na'ura ranar ɗaukar suka sani, ba ranar da aka tsaya gaban mai hoto ba. Waɗanda dangi suka aiko ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa an matse su, an kuma cire musu wannan bayani tun kafin su iso.

Ɗaya ne ya tayar mini da hankali. Hoto ne baƙi da fari, maza biyar a gaban wata babbar mota a tasha, ɗaya daga ciki kakana ne na wajen uwa. A 2012 na zauna da mahaifiyata ta faɗa mini sunayen sauran huɗun da dangantakarmu da kowannensu, ina bugawa a cikin manhajar. Ta rasu a 2017. Yanzu babu mai rai da ya san mutanen nan, ni ma na manta uku. Sai da yaron ya mayar da tsohon faifai a na'ura muka tashe shi, na kwafe sunayen da biro, na sa su a cikin sunan fayil ɗin kansa, na kuma wanke hoton na rubuta a bayansa. Na daɗe ina ɗauka cewa na adana maganar mahaifiyata, ashe jinginar da ita na yi a shagon wani.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina wa'azin a ɗauki kome. Na sami hoto arba'in na ragon layya guda, na bar biyu. Na goge ɗaruruwan takardun gayyata da rasitai ban ji ko ɗar ba. Mantuwa ma rahama ce, gidan da ba a share shi kuwa mai shi ne yake rasa wurin kwanciya. Abin da ya kamata marubuci ya kula da shi kawai shi ne kada ya bar abin da yake so ya rayu a cikin tsarin da manhaja guda ce kaɗai take iya buɗewa. Da yawa daga cikinmu littattafansu na farko suna kulle a fayilolin PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe tun 2001 ce. Rubutu tsura da haruffan Unicode, da PDF, da hoton JPEG, da kwafi guda a takarda, sun fi kowace ƙawa daɗewa. Amma wannan duk a kan abin da yake nawa ne, wanda nake da ikon in ɗauka ko in bari.

Littafin aminina ba nawa ba ne, a nan kuma maganar ta yi tsauri. Daga cikin maganganun nan da yake yi wa kansa, waɗanda saura ƙiris in share su a matsayin datti, akwai wadda ke saman babi na 9. Cewa ya yi: a cire wannan babin gaba ɗaya, Inna tana raye. Na karanta babin, ban kuwa ce na kyauta ba. Labari ne na wani gida da kishi ya ci, duk wanda ya san gidansu zai gane kowa a ciki. Shi ne kuma babin da ya fi kowane kyau a littafin, ban taɓa sanin yana da irin wannan alƙalami ba.

Na kwana ina jujjuya maganar. Innarsa ta rasu a 2011, to, ko dalilin hanin ya tafi da ita? Wata zuciyar ta ce ya tafi, ai sharaɗi ya gindaya, sharaɗin kuwa ya faɗi. Ta ƙara da cewa da yana so babin ya ɓace da ya goge shi da kansa, danna maɓalli guda ne. Barin sa da ya yi shaida ce cewa ransa yana kai. Wata zuciyar kuma ta ce cewa ya yi a cire, bai ce a jinkirta ba, kuma Inna ba ita kaɗai ce a babin ba, akwai 'yan'uba da suke raye da 'ya'yansu. Marubuta sun san labarin Franz Kafka, wanda ya rasu a 1924 bayan ya bar wa amininsa Max Brod wasiyyar ya ƙone rubuce-rubucensa da ba a buga ba. Brod ya ƙi, ya buga su, a 1939 kuma ya tsere da takardun a akwati daga birnin Prag gab da shigowar sojojin Jamus. Duniya ta gode masa. Hujjarsa ita ce ya riga ya gaya wa Kafka tun yana raye cewa ba zai ƙone ba, amma duk da haka shi ya zaɓa. Ko an yarda da wannan hujja ko ba a yarda ba, Brod dai an naɗa shi. Ni babu wanda ya naɗa ni. Firinta ce ta sa littafin ya faɗo hannuna, kasala kuma ta sa ya zauna.

Da na kalli abin ta nan sai na ga musun da nake yi da kaina na banza ne, domin ina auna hukunci biyu ne alhali ba ni ne alƙali ba. In na goge, na ƙone dukiyar marayu. In na buga, na sayar da sirrin gidan da ba nawa ba. Doka ma ta san da haka: a Nijeriya haƙƙin mallakar rubutu yana tare da magada har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mawallafi, watau na aminina sai ƙarshen 2076. Abin da ya hau kaina shi ne in kai kayan inda ya dace, cikakke, da muryar mai shi a ciki, har da layin da yake cewa a cire.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar me ya sa sai yanzu. Da takardu ne ya bari a ɗakina, da kullum idona yana kansu, da nauyinsu ya kai ni gidansa tun kafin a yi sadakar arba'in. Fayil ba shi da nauyi, ba ya tare hanya, ba ya tara ƙura. Sau uku ina sauya kwamfuta, sau uku jakar tana bi na cikin dubban 'yan'uwanta, kowane karo kuwa na yanke hukuncin ci gaba da riƙe ta ba tare da na ji cewa hukunci na yanke ba. Sauƙin ɗauka ne ya ɓoye mini cewa ɗaukar amana nake yi. Da haruffan ba su watse ba a wannan karo, da na tabbata sai ta bi ni zuwa ta huɗu.

Ranar wata Asabar na tafi gidan. Na tafi da filashi mai ɗauke da jakar kamar yadda take a tsohon faifai, da kwanan watanta na 2006, da zubin haruffan da ake karanta ta da shi, da kwafin da na mayar Unicode, da shafin da na bayyana abin da na taɓa, sa'an nan da littafin gaba ɗaya a takarda. Bayan mun gaisa da mai ɗakinsa na ajiye a gabanta na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta daɗe tana kallon takardun ba ta taɓa ba. Ashe filashinsa ya ɓace a hidimar zaman makoki, kwamfutar da yake aiki da ita kuwa ta wurin aikinsa ce, sun daɗe da fid da rai. Can ta ce, "Malam, ashe yana wurinka duk shekarun nan?" Na ce yana wurina, Hajiya. Ba ta ƙara kome a kai ba, ni ma ban sami abin ƙarawa ba.

Babbar 'yarsa, wadda take 'yar shekara tara lokacin rasuwarsa, yanzu malamar makaranta ce, ita ta jawo takardun. Na nuna mata saman babi na 9. Ta karanta layin sau biyu, ta zare babin daga cikin sauran ta kife shi a gefe, ba ta karanta ba a gabana. Ta ce za su zauna da ƙannenta da baffanninta tukuna. Da na miƙe zan tafi ta rako ni har zaure, sa'an nan ta ce, "Baffa, naka kwafin fa?"

A daren na goge jakar daga sabuwar kwamfutar, na goge ta daga faifan ajiya. Saura tsohon faifan da ke naɗe a leda, wanda ban iya buɗe shi ni kaɗai ba. Na kira ɗan ƙanwata, ya ce suna jarrabawa, sai wani satin.